Kujera ta bakwai a kotun tarayyar Amurka

Takardar farko da ta iso mini ba sammaci ba ce, tambayoyi ne kawai. Ta zo ta gidan waya ɗauke da tambarin kotun tarayya ta Gundumar Kudancin New York, wadda ikonta ya haɗa da Manhattan da Bronx inda muke zaune, da wasu yankuna na arewa da birnin. Suna son su san ko ni 'yar ƙasa ce, ko na kai shekara 18, ko na cika shekara guda a yankin, ko Turancina ya kai in karanta in rubuta in bi magana, ko an taɓa samuna da babban laifi. A rajistar masu zaɓe suka ga sunana, domin dokar 1968 da ta tsara yadda ake ɗauko masu taya alƙali yanke hukunci a kotunan tarayya daga nan ta ce a fara ɗebo sunaye, ba tare da duba launin mutum ko addininsa ko asalinsa ko ƙarfin aljihunsa ba. Na cike na mayar. Bayan wasu watanni, a kakar 2025, sammacin ya biyo baya.

A Najeriya alƙali shi kaɗai ke sauraron shaidu, shi ke auna hujja, shi ke cewa mutum ya aikata ko bai aikata ba. A Amurka an raba aikin gida biyu. Alƙali shi ke faɗin abin da doka ta ce, amma ko wanda ake tuhuma ya aikata laifin, wannan na mutum goma sha biyu ne da aka ɗauko daga cikin jama'ar gari, waɗanda ake kira juri. Tun 1791 wannan haƙƙi yake cikin gyara na shida na kundin tsarin mulki. Mutanenmu da yawa a nan idan suka ga takardar sai su jefa ta a shara, ko su ce ba sa jin Turanci alhali da shi suke sana'a. Wanda ya ƙi amsa sammaci ana iya cin tararsa har dala 1,000, ko a tsare shi kwana uku, ko a sa shi aikin al'umma. Amma ba tsoron tara ya kai ni ba.

Maigidana bai so in je ba. Ya ce, "Hajiya, ki rubuta musu ki ce aiki ba zai bar ki ba. Shari'ar ƙasar nan yanzu duk siyasa ce, me zai kai ki ciki?" Kuma ba magana ce ta banza ba, domin duk wanda ke birnin nan ya ga abin da ya faru da shari'ar magajin garin New York na lokacin, Eric Adams. A Satumban 2024 aka tuhume shi da cin hanci da karɓar gudummawar kamfe daga 'yan ƙasar waje. A Fabrairun 2025 Ma'aikatar Shari'a daga Washington ta umarci ofishin masu gabatar da ƙara na Manhattan ya janye tuhumar, ba don hujja ta yi rauni ba, sai don wai shari'ar tana hana shi taimaka wa gwamnati a aikin kama baƙin haure. Danielle Sassoon, wadda ke riƙon ofishin, ta ajiye aikinta maimakon ta sa hannu, wasu lauyoyin gwamnati suka bi ta. A ranar 2 ga Afrilu alƙali Dale Ho ya kori ƙarar, amma ya rufe ƙofar sake dawo da ita, don kada ta zama igiyar da za a riƙa jan magajin gari da ita, ya kuma rubuta cewa al'amarin gaba ɗayansa yana warin ciniki.

Sannan a lokacin da sammacina ya zo, maganar James Comey, tsohon shugaban hukumar binciken manyan laifuka ta FBI, ce a bakin kowa. Babban mai gabatar da ƙara na gabashin Virginia, Erik Siebert, ya bar kujerarsa bayan matsin lamba. Shugaba Trump ya rubuta a fili yana kiran ministar shari'a Pam Bondi ta hanzarta a kan abokan hamayyarsa. Aka ɗora a kujerar Siebert tsohuwar lauyar Trump, Lindsey Halligan, wadda ba ta taɓa gabatar da ƙara ba, kuma ranar 25 ga Satumba aka tuhumi tsohon shugaban na FBI. Ranar 9 ga Oktoba aka tuhumi Letitia James, babbar lauyar jihar New York. Magoya bayan Trump kuwa abin da suke faɗa shi ne, ai da shi aka fara, lokacin da mai gabatar da ƙara na musamman Jack Smith ya gurfanar da shi a 2023. Kowane ɓangare yana da jerin sunayensa. Na ce wa maigida, "Alhaji, in har abin ya lalace haka, ai yanzu ne ya kamata mutum ya je, ba lokacin da komai ke tafiya daidai ba."

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne addini. Hadisin nan da ya ce alƙalai uku ne, biyu a wuta ɗaya a aljanna, tun ina islamiyya yake ba ni tsoro. Na sami limamin masallacinmu bayan karatun mata na ce, "Allah gafarta Malam, ya halatta in zauna in ce mutum yana da laifi?" Ya ce, "Hajiya, ba ce miki aka yi ki kafa doka ba, ce miki aka yi ki faɗi gaskiyar abin da hujja ta nuna. In masu tsoron Allah suka gudu, wa aka bar wa kujerun?" Ya karanto mini aya ta 8 a Suratul Ma'ida, wadda ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa a ƙi yi musu adalci, ya tuna mini ƙa'idar da malamanmu ke maimaitawa, cewa hujja tana kan mai ƙara. Da wannan na tafi.

Kotun tana lamba 500 a titin Pearl, kusa da dandalin Foley. A ƙofa ana bincike kamar na filin jirgi, kuma wayar hannu ba ta wucewa, ajiye ta ake yi a ba ka shaidar karɓa. Hijabina bai jawo wata magana ba. Aka tara mu a wani babban zaure, aka nuna mana bidiyon bayani, aka gaya mana za a biya dala 50 a rana da kuɗin mota. Doka ta hana mai aiki ya kori ma'aikacinsa don ya amsa kiran juri, amma ba ta tilasta masa ya biya albashin kwanakin ba, kuma gidan kula da tsofaffin da nake aiki bai biya ni ba. Wannan asara ce ta gaske ga mai ɗaukar albashin awa, kuma ita ce ke tace talakawa daga juri tun kafin lauyoyi su buɗe baki. Na ga direbobi da masu shago suna roƙon a sallame su don ba su da abin da za su ciyar da gida, kuma akasari an sallame su.

Da aka kira sunayenmu muka hau sama, sai alƙaliyar ta gaya mana irin shari'ar. Wani tsohon jami'in hukuma ne, cikin waɗanda 'yan siyasa ke naɗawa, ana zarginsa da karɓar abin hannun wani ɗan kwangila. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi na alƙaliyar ba. Aka raba mana takardar tambayoyi mai tsawo. A ina kike samun labarai? Kin taɓa ba wani ɗan takara gudummawa? Kina da wani ra'ayi mai ƙarfi a kan FBI ko Ma'aikatar Shari'a da zai hana ki yin adalci? Kina ganin duk ɗan siyasa ɓarawo ne? Za ki fi gaskata jami'in tsaro a kan sauran shaidu don kawai jami'i ne?

Washegari aka shiga tambaya baki da baki. Wanda amsarsa ke buƙatar sirri sai a kira shi gefen teburin alƙali, lauyoyi su kewaye shi, a kunna wani sauti mai shuu don sauran kada su ji. Wani dattijo ya ce shi ya daina yarda da duk abin da ya fito daga ma'aikatar nan, aka sallame shi. Wata mata ta ce tana ganin mutumin ta san ya ci, ita ma aka sallame ta. Ni an kira ni gefe ne saboda na rubuta cewa a ƙasar da aka haife ni na ga yadda ake kama ɗan adawa, in ya sauya sheƙa a manta da fayil ɗinsa. Alƙaliyar ta dube ni ta ce, shin wannan zai sa in ɗauka tun yanzu cewa shari'ar nan ma haka take? Na ce mata a'a, abin da zai sa ni shi ne in buɗe kunne sosai ga hujjar ɓangarorin biyu. Ta tambayi lauyoyin ko suna da ƙari, suka ce babu.

Bayan waɗanda aka cire don dalili, kowane ɓangare yana da damar cire wasu ba tare da faɗin dalili ba: gwamnati shida, masu kare wanda ake tuhuma goma. Iyakarta ita ce hukuncin Kotun Ƙoli na 1986 da ya hana a cire mutum saboda launin fatarsa. Suka yi ta miƙa wa juna takarda shiru, magatakarda ya karanto sunayen da suka rage, na ji nawa a kujera ta bakwai. Muka ɗaga hannun dama muka yi alkawarin yin hukunci bisa hujja da doka. Daga ranar babu wanda ya sake kirana da sunana a zauren, juri mai lamba bakwai nake. Cikinmu akwai malamar makaranta, da ma'aikacin jirgin ƙarƙashin ƙasa, da akanta mai ritaya, da wata yarinya da ba ta daɗe da gama jami'a ba, ga kuma 'yan jiran ko-ta-kwana da ke zaune tare da mu.

Dokar da ta fi yi mini nauyi ita ce ta kame baki. Ba karanta labarin shari'ar, ba bincike a intanet, ba magana da kowa, har mu kanmu ba ma tattaunawa sai an gama. In na dawo gida maigida ya ce, "To, yaya aka ƙare yau?" sai in ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, amana ce." Yayana ya kira daga Kano yana ta mamaki, wai mace mai aikin jinya ce za ta ɗaure babban ma'aikacin gwamnati. Na ce, "Yaya, ni ba na ɗaure kowa, saurare aka sa ni."

A jawabin buɗewa ne siyasa ta leƙo. Lauyan da ke kare mutumin ya fara cewa wanda yake karewa ya ɓata da wasu manya ne shi ya sa aka waiwayo shi. Bai rufe baki ba lauyar gwamnati ta miƙe ta ce ba ta yarda ba. Alƙaliyar ta amince da ita, ta juyo gare mu ta yi bayani a natse: dalilin da ya sa gwamnati ta kawo wannan ƙara ba ya gabanmu. In wanda ake tuhuma yana ganin an ware shi ne don ramuwa ko bambanci, wannan ƙorafi ne da ake kai wa alƙali kafin a fara shari'a, ita ke yanke shi. Abin da ke gabanmu ɗaya ne, ko gwamnati ta tabbatar da kowane sashe na kowane laifi har ba sauran kokwanto mai ma'ana. Da farko abin ya yi mini ƙunci, domin tambayar da ke bakin kowa a waje ita ce aka ce mu ajiye. Amma da shari'ar ta yi nisa na ga hikimarsa. Da an bar mu mu yi hukunci a kan niyyar gwamnati, da kowannenmu jam'iyyarsa zai zaɓa. Hujja kuwa abu ce da mai goyon Trump da mai ƙinsa za su iya ɗorawa a tebur ɗaya su duba tare.

Na sa ido sosai a kan alƙaliyar, domin na san fuskar alƙali kaɗai tana iya karkatar da mutum goma sha biyu. Wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa al-Ash'ari ta ce a daidaita mutane a zama da fuska da hukunci, don kada babba ya yi kwaɗayin a karkata gare shi, kada mai rauni ya yanke ƙauna. Abin da na gani ke nan. Ta tsawata wa lauyar gwamnati da ta riƙa sa wa shaida magana a baki, ta tsawata wa lauyan kariya da ya riƙa maimaita tambayar da aka hana, da murya iri ɗaya. In gardamar doka ta taso sai a fitar da mu, don kada mu ji abin da bai halatta mu ji ba. Ta gaya mana tun farko cewa in mun ga kamar tana da ra'ayi, mu watsar, ba ta da ƙuri'a. Har na gama ban san wane shugaba ya naɗa ta ba, kuma ban iya cinka ba. Da na gaya wa magatakarda ina bukatar wurin sallar azahar da la'asar, aka buɗe mini wani ɗaki da ba kowa, aka daidaita hutun yamma da lokacin.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yanzu da kowace shari'a ta taso tambayar farko ita ce, wa ya naɗa alƙalin? Alƙalan tarayya shugaban ƙasa ke zaɓa, majalisar dattawa ta amince, su riƙe kujerar har mutuwa ko ritaya. Tsigewa kaɗai ke cire su, kuma a duk tarihin ƙasar takwas aka taɓa cirewa ta wannan hanya, na ƙarshe a 2010. A Maris 2025, da Trump ya nemi a tsige alƙali James Boasberg saboda wani hukunci, sai da alƙalin alƙalai John Roberts ya fito ya ce ba a tsige alƙali don an ƙi hukuncinsa, ɗaukaka ƙara ake yi. Ita kanta Kotun Ƙolin sai a Nuwamban 2023 ta rubuta wa kanta ƙa'idojin ɗa'a, bayan surutun kyaututtukan da wasu alƙalanta suka karɓa, kuma ba ta sa wanda zai tilasta bin su ba.

Shaidu sun yi yawa, akasarinsu na takardu ne: bayanan banki, rasit na kayan gini, saƙonnin waya da aka haska a allo. A kotunan tarayya ba a ɗaukar hoto ko bidiyon shari'ar laifi, sai mai zane da ke zaune a benci yana zana fuskoki. Babban shaidan gwamnati shi ne ɗan kwangilar da kansa, wanda ya riga ya amsa laifinsa ya yi yarjejeniyar ba da shaida da fatan a sassauta masa. Lauyan kariya ya yi masa tambayoyi har ya amsa cewa ya yi wa jami'ai ƙarya a hirarsu ta farko, kuma makomarsa tana hannun ofishin da ya kira shi. Ban ji daɗin mutumin ba ko kaɗan. Wanda ake tuhuma bai hau kujerar shaida ba, kuma an gargaɗe mu cewa shirunsa haƙƙinsa ne, ba hujja ba ce, ko ambatonsa kada mu yi.

Bayan jawaban rufewa alƙaliyar ta karanta mana bayanin doka, ya ɗauki rabin yini, aka kuma ba mu shi a rubuce. A nan na gane cewa cin hanci a dokar tarayya ya fi yadda muke zato ƙunci. A 2016, a shari'ar tsohon gwamnan Virginia Bob McDonnell, Kotun Ƙoli ta ce shirya ganawa ko buga waya kawai ba ya zama aikin ofis da za a ce an saya. A Yunin 2024, a shari'ar wani tsohon magajin gari daga Indiana mai suna Snyder, ta ce dokar da ake kama jami'an jihohi da ƙananan hukumomi da ita ba ta haɗa da kyautar da aka bayar bayan an gama aiki ba, muddin ba a yi yarjejeniya tun farko ba. Wato ta raba toshiyar baki da tukuici: wanda aka ƙulla kafin aiki laifi ne, wanda ya zo daga baya don godiya wannan dokar ba ta kama shi. A ra'ayina wannan rabon ya buɗe ƙofa mai faɗi, domin mai wayo zai jira ne kawai. Amma ba ra'ayina aka ce in bi ba.

Aka sallami 'yan jiran, aka rufe mu a ɗaki da tebur ɗaya, jami'in tsaro a bakin ƙofa. Tun zagayen farko muryoyi biyun da na ji a waje suka bayyana a ciki. Wani ya ce, duka haka suke yi, me ya sa shi kaɗai? Shi ba zai zama sandar da wasu za su daki abokin gabarsu da ita ba. Wata kuma ta ce, mutumin da albashinsa sananne ne ya gyara gida haka, me ake jira? Malamar makarantar, wadda muka zaɓa shugaba, ta ce mu ajiye duka biyun mu ɗauki tuhuma ɗaya bayan ɗaya.

Tuhumar farko ta gyaran gida ce. Muka yarda mu cire maganar ɗan kwangilar gaba ɗaya mu ga abin da zai rage. Abin da ya rage saƙonni ne da kwanan wata. Akwai saƙon da jami'in ya tura yana tambayar yaushe ma'aikata za su zo gidansa, a cikinsa kuma yana cewa takardar kwangilar tana teburinsa. Bayan 'yan kwanaki ya sa hannu, ma'aikata suka zo, ba a taɓa aiko masa da takardar biya ba. Akantan ya jera mana ranakun a allo. Mutumin da ya ce me ya sa shi kaɗai ya daɗe yana kallon allon. Na ce masa ni ma tambayar tana damuna, kuma wataƙila akwai goma da suka fi shi da ba a taɓa ba, amma sakin wanda hujja ta kama ba zai kamo waɗancan ba. Ya ce a ba shi dare ɗaya. Da safe ya ce ya karanta bayanin dokar a ransa ya rasa inda zai tsaya, ya yarda.

Tuhuma ta biyu ita ta ja mu. Ambulan kuɗi ne da ɗan kwangilar ya ce ya miƙa a mota, watanni bayan wata kwangilar dabam. Babu saƙo, babu hoto, babu kuɗin da ya shiga banki. Akwai dai cire kuɗi daga asusun ɗan kwangilar a makon. Muka aika wa alƙaliyar takarda muna neman a sake karanta mana shaidarsa, aka mayar da mu zaure aka karanta kalma bayan kalma. Sai muka ji cewa ko shi bai ce an yi alkawari kafin aikin ba, cewa ya yi ya san abin da ake tsammani daga gare shi. Mutum bakwai ko takwas suna ganin wanda ya yi na farko ai ya yi na biyu. Ni ina cikin waɗanda suka ƙi. A zuciyata ina zaton ya karɓa, amma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma an ce mana kowace tuhuma da hujjarta. Maganar mutum ɗaya da ya amsa cewa ya yi ƙarya, wanda kuma 'yancinsa ya rataya ga faranta wa masu ƙara, ba ta isa in ce na tabbata ba. An ɗaga murya, wata ta yi kuka, an yi shiru mai tsawo. A kotun tarayya sai duka goma sha biyun sun yarda, ko a kama ko a saki. In an kasa, shari'ar ta rushe, kamar yadda ta Sanata Bob Menendez ta farko ta rushe a 2017, kafin wani juri a wannan ginin ya same shi da laifi a 2024 a wata shari'ar, aka ɗaure shi shekara 11. A ƙarshe muka haɗu a kan cewa ba a tabbatar da tuhumar ambulan ba.

Da muka koma zaure shugabarmu ta karanta: yana da laifi a ta gyaran gida, ba shi da laifi a ta ambulan. Aka bi mu ɗaya bayan ɗaya ana tambaya ko wannan ne hukuncinka. Da aka zo kujera ta bakwai na ce e, ina jin matarsa tana shessheƙa a baya. Ban ji daɗi ba, kuma ban yi nadama ba. Tsawon ɗauri ba namu ba ne, alƙali ke yanke shi bayan watanni. Alƙaliyar ta shigo ɗakinmu ta yi mana godiya, ba ta ce mun yi daidai ko kuskure ba, ta ce yanzu muna iya magana in muna so, amma mu kiyaye sirrin abokan zamanmu.

Bayan na karɓi wayata na koma bin labarai, sai na riƙa karanta su da wani ido. Ranar 24 ga Nuwamba alƙaliya Cameron Currie ta kori ƙararrakin Comey da Letitia James, bisa dalilin cewa naɗin Halligan ya saɓa doka. Irin wannan dalili ne alƙaliya Aileen Cannon ta kafa a Yulin 2024 ta kori shari'ar takardun sirri ta Trump, ta ce naɗin Jack Smith bai inganta ba. Waɗanda suka yi murna da ɗaya su suka yi tir da ɗayar. Abin da ya fi jan hankalina shi ne na Disamba. Kafin a gurfanar da mutum kan babban laifi a tarayya, sai babban juri na mutum 16 zuwa 23 ya zauna a asirce, ya saurari mai gabatar da ƙara shi kaɗai, 12 su amince. Da wuya su ƙi: a 2010, cikin fayil kusan 162,000, sau 11 kacal suka ƙi. Amma da gwamnati ta koma neman sabuwar tuhuma a kan Letitia James, babban juri a Norfolk ya ƙi, bayan mako guda wani a Alexandria ma ya ƙi. Mutane ne irin waɗanda na zauna da su, masu barin aiki a biya su dala 50.

Sai dai ɗakin nan da muka zauna ƙarami ne a cikin ginin shari'ar gaba ɗaya. Kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake tuhuma a tarayya amsa laifi suke yi ta yarjejeniya, kusan kashi 2 kawai ke kaiwa ga shari'a. Wanda za a bincika da wanda za a kawar wa kai, a ofis ake yanke shi kafin mu. Bayanmu kuma akwai hanya biyu da za a iya warware abin da muka yi. Ta farko ɗaukaka ƙara ce, kuma lauyoyin mutumin sun ce za su yi. In alƙalan sama suka ga bayanin dokar da aka ba mu ya kauce, za su rushe a sake, kamar yadda aka yi wa tsohon kakakin majalisar jihar New York Sheldon Silver: an same shi da laifi a 2015, aka rushe a 2017 saboda hukuncin McDonnell, wani sabon juri ya sake samunsa da laifi a 2018. Wannan na yarda da ita, domin za su karanta duk abin da aka faɗa a zauren, su rubuta dalilansu kowa ya gani.

Ta biyun ita ce afuwar shugaban ƙasa, wadda ba ta buƙatar dalili, ba a kuma ɗaukaka ƙara a kanta. Biden ya yi wa ɗansa Hunter a Disamban 2024, bayan juri ya same shi da laifi, bayan kuma ya sha cewa ba zai yi ba. Trump ya yi wa kusan mutum 1,500 na harin da magoya bayansa suka kai majalisa ranar 6 ga Janairun 2021, a ranar da ya dawo mulki. A wannan kotun ta Manhattan, a Maris 2024, wasu mutum goma sha biyu sun ajiye wayoyinsu a ƙofa, sun bar ayyukansu na makonni, sun saurari shaidun masu safarar hodar iblis, suka sami tsohon shugaban Honduras Juan Orlando Hernández da laifi, aka yanke masa shekara 45. A farkon Disamban 2025 aka yi masa afuwa, ya fita daga kurkuku. Babu wanda ya tambayi ko ɗaya daga cikin goma sha biyun.